Nima tsani ce ko rami?

A wurin sunan ɗiyar ƙanwata aka yi gardamar. An toshe lungu da kujerun roba kamar yadda muka saba a Nima, unguwarmu ta zango a birnin Accra na ƙasar Ghana, an shafa fatiha ana rabon goro da dabino, sai Kawu ya nuna motocin da suka yi layi a bakin titi ya ce, "Ku duba can. Masu motocin nan duka a gidan nan aka yanke musu cibiya. Sannan wani ya zo ya ce wai ba a ci gaba a zango." Wani abokina da ya daɗe da gama jami'a yana yawon neman aiki ya ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, motoci kuka ƙirga. Waɗanda suka zo a ƙasa fa? Waɗanda kunya ta hana su zuwa don ba su da abin da za su miƙa wa mai jego fa?" Kawu ya ce yaran yanzu ba su da godiya. Aka yi dariya, aka shigo da waakye, wato shinkafa da wake, magana ta bi ruwa.

A wurina ba ta bi ruwa ba. Kawu bai yi ƙarya ba, abokina ma bai yi ba, kuma da za a kwana ana yi babu wanda zai kayar da wani, domin babu mai hujja. A Nima, a Maamobi, a Sabon Zango, a Aboabo ta Kumasi, babu mutumin da zai iya gaya maka cikin yaran da aka haifa a unguwar shekara talatin da suka wuce nawa ne suka fi iyayensu samu, nawa ne suka tsaya inda iyayen suka tsaya, nawa ne suka koma ƙasa. Sarkin zango bai sani ba, liman bai sani ba, ɗan majalisa bai sani ba. Kowa misalin gidansu yake kawowa.

Alƙaluma akwai su, ba na musun wannan. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta yi a 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 23.4 cikin 100 na mutanen ƙasar suna cikin talauci. A yankin Upper West kashi 70.9 ne, a yankin Greater Accra kuwa kashi 2.5. Ka karanta wa mai sayar da koko a bakin babbar kwatar Nima wannan adadi na biyu da rabi, ka ga irin kallon da za ta yi maka. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma an zuba unguwannin masu kuɗi irin su East Legon da Cantonments da Nima a tukunya ɗaya an dama. Wanda ke Airport Residential ya ci kaza biyu, wanda ke tsallaken titi bai ci ko ɗaya ba, a takarda kowa ya ci guda.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta rage wannan duhu, kuma ya kamata a yaba. An ƙirga mutum miliyan 30.8, an yi aikin da ƙananan kwamfutocin hannu maimakon takarda, aka kuma fitar da bayanan talauci na kowace gunduma cikin gundumomi 261. Da yake tun 2018 an raba tsohuwar majalisar birnin Accra, Nima ta faɗa gundumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi ta faɗa Ayawaso ta Arewa, yanzu ana iya ganin adadinmu ba tare da na masu kuɗi ya lulluɓe shi ba: gida nawa ne ba su da bayi, mutum nawa ke kwana ɗaki ɗaya, yara nawa ne ba sa zuwa makaranta.

Sai dai ƙidaya hoto ne. Ta tambayi wanda ya kwana a ɗakin daren 27 ga Yunin 2021, ba ta tambayi ina wanda ya kwana a ɗakin a 2010 ya nufa ba. A wata unguwa wannan ƙaramin gibi ne. A zango shi ne gaba ɗayan labarin.

Sunan ma ya faɗa. Zango masaukin ayari ne, inda fatake ke sauke kaya su huta kafin su ɗora. Haka kakanninmu masu fataucin goro da shanu suka kafa shi, kuma har yau halinsa bai sauya ba. Yaron Nima in Allah ya buɗa masa, abin da yake fara yi shi ne sayen fili a wajen gari, a Kasoa ko Adenta ko Amasaman. Ya tashi da matarsa da 'ya'yansa, wani lokaci har da tsohuwa in ta yarda, ko da yake da wuya ta yarda, don ba ta rabuwa da ƙawayenta da masallacin unguwa. Ɗakin da ya bari ba ya kwana uku babu kowa. Wani sabon zuwa daga Bawku ko Yendi ko Dosso ta Nijar ya shiga da tabarma da buta. In mai ƙidaya ya dawo bayan shekara goma, ɗaki ɗaya zai tarar, talauci iri ɗaya, sai ya rubuta cewa Nima ba ta motsa ba. Alhali mai yiwuwa ɗakin nan ya yaye mutum uku sun haura.

Mai yiwuwa kuma bai yaye kowa ba. Akwai gidajen da na sani, kaka ta sayar da ƙosai a ƙofar gida, uwa ta gaji kaskon, yanzu jika ce a kai, ɗakin da aka haife su nan suke. Wace Nima ce ta fi yawa, ta masu haurawa ko ta masu gadon kasko? Amsar ita ce za ta faɗi abin da ya kamata a yi da kuɗin gwamnati. In unguwa tsani ce, to ɗakinta mai arha da kusancinta da kasuwa da tashar mota su ne dukiyarta, kuma duk mai shirin rushe ta ya gina benaye don ya "gyara" ta tsanin yake sarewa. In rami ce, sai a nemo daidai matakalar da ƙafar yara ke zamewa. Wanda bai san wanne yake gabansa ba, maganin ciwon kai zai yi ta ba mai ciwon ciki.

A Amurka an yi wannan tambaya, aka kuma nemo mata amsa. Raj Chetty, masanin tattalin arziki a Jami'ar Harvard, da abokan aikinsa da hukumar ƙidayar ƙasar sun haɗa takardun haraji da na ƙidaya na mutum wajen miliyan 20 da aka haifa tsakanin 1978 da 1983. Suka duba abin da kowa ke samu da ya kai shekara talatin da ɗoriya, sannan suka mayar da sakamakon kan unguwar da mutum ya girma a cikinta, ba inda yake zaune yanzu ba. Nan hikimar take. In ɗan unguwa ya yi arziki ya ƙaura, unguwar da ta raine shi ake rubuta wa. A 2018 suka fitar da taswirar, kowa na iya dubawa a intanet. Tun kafin nan, a 2014, bincikensu ya jera manyan biranen ƙasar 50, birnin Charlotte ya zo na ƙarshe: yaron da aka haifa cikin kashi ɗaya bisa biyar na mafi talauci, damar da yake da ita ta kaiwa kashi ɗaya bisa biyar na sama ba ta wuce kashi 4.4 cikin 100 ba. Birni ne na manyan bankuna da dogayen benaye, mutanensa na ganin suna cikin ni'ima. Adadin ya ba su kunya har suka kafa kwamitin da zai bi diddigin abin. Birni na iya bunƙasa ya bar 'ya'yan talakawansa inda ya same su, kuma duk wanda ya ga yadda gine-gine ke tashi a Accra ya kamata ya yi wa kansa wannan tambaya.

Hanyarsu ba za ta yi mana ba. Ta dogara ne kan takardar haraji, mu kuwa yawancinmu aikin hannu da saye da sayarwa muke yi. Mahauci da tela da mai gyaran waya da yaron mota ba su da takardar albashin da wani zai bi. Amma ba sai mun je Amurka aron dabara ba. A Navrongo, can arewacin ƙasar nan, cibiyar binciken lafiya tana bin gidajen yankin Kassena-Nankana ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 1990, tana rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura. Daga aikin da aka yi a can ne aka samo tsarin kai ma'aikatan jinya cikin ƙauyuka, wanda yanzu ya game ƙasa. In an iya bin mutum shekara da shekaru don a san abin da ke kashe yara, ana iya binsa don a san abin da ke hana su tashi.

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan cikin Accra. Mutanen Old Fadama, unguwar da ke gefen kasuwar Agbogbloshie, da hukuma ta yi ta barazanar korarsu, sun tashi sun ƙirga kansu da kansu, gida gida, da taimakon ƙungiyar talakawan birane. Ƙidayar 2009 ta samu mutum kusan 80,000. Kafin nan kowa faɗin adadin da ya yi masa daɗi yake yi. Ƙidayar ba ta hana katafila shiga ba, an yi rusau a 2015 bayan ambaliyar watan Yuni. Amma daga ranar da suka riƙe takardarsu a hannu, duk mai zancen kora sai ya amsa tambayar ina zai kai mutum dubu tamanin, kuma yawancinsu masu sana'a ne a kasuwannin da birnin ke ci daga gare su.

Abin da nake kira a yi bai kai nasu wahala ba ta wani gefen, ya fi nasu ta wani gefen, domin ba aikin wata ɗaya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma rabin bayanan suna hannunmu tuni, a warwatse. Makarantun firamare da na Islamiyya suna da rajistar shekaru a cikin kabad. Kowane maigidan sana'a, tela ne ko makaniki ko mai walda, ya san yaran da ya yaye da waɗanda suka gudu kafin yaye, ya san wanda ya buɗe shagonsa da wanda har yau yake aikin yini a shagon wani. Uwar adashi ta fi banki sanin wadda kasuwarta ke gaba da wadda ke cin uwar kuɗi. Ga kuma tsofaffin mata, waɗanda in ka ambaci yaron da aka haifa a lungu shekara talatin baya za su gaya maka inda yake, wa ya aura, da ko yana aike gida. Abin da ya rage a ɗauki aji ɗaya na shekara ɗaya a makarantun unguwa, a nemo kowa, har wanda ke Kasoa da wanda ke Jidda da wanda ya bi ta Agadez ba a sake jin ɗuriyarsa ba, a yi masa tambayoyi kaɗan. Ina karatu ya tsaya, me ya tsayar da shi? Wace sana'a, wa ya kai shi? In mace ce, tana da shekara nawa aka yi mata aure, ta ci gaba da neman na kanta? Ɗakin da yake ciki nasa ne ko haya? Bayan shekara biyu ko uku a koma a sake tambaya.

Ina da zato a kan abin da za a gano. Zatona ba kuɗin makaranta ne babban shinge ba yanzu, tunda an mayar da babbar sakandare kyauta a 2017. Ina ganin ƙafa ta fi zamewa a wurare biyu. Na farko bayan yaye: yaro ya shekara uku ko huɗu yana koyon ɗinki, an yi biki an ba shi takarda, ba keke, ba shago, kuma mai shagon haya yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida. Na biyu rashin wanda zai kama hannunka a wajen unguwa. Cikin abokan tasowata, waɗanda suka haura kusan kowannensu akwai wani da ba ɗan zango ba da ya buɗe masa ƙofa: malamin makaranta, abokin aji daga wata unguwa, wani mai kawo gyaran mota. Su Chetty ma, a binciken da suka fitar a 2022 da bayanan masu Facebook sama da miliyan 70, sun samu cewa yawan abota tsakanin 'ya'yan talakawa da masu hali na cikin abubuwan da suka fi tafiya tare da haurawar yaro. Amma wannan na Amurka ne, nawa kuma zato ne da na gina kan mutanen da na sani, wato irin lissafin Kawu ne sak. Ana iya ƙirgawa a tarar auren wuri ne, ko ciwo ɗaya da ke cinye jarin gida, ko wani abin da bai taɓa zo mini a rai ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini. Da na kawo wa mahaifiyata zancen, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Kai dai ba ka ga shekarar da aka kori mutane ba." Tana nufin dokar korar baƙi ta gwamnatin Firayim Minista Busia, a watan Nuwamban 1969, da aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Zanguna suka yi kango. Mutanen da aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba, suka sayar da gidajensu a wulaƙance suka hau manyan motoci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Har yau ɗan zango in ya je yankar katin ɗan ƙasa ko rajistar zaɓe, sunansa kaɗai na iya jawo masa tambayoyin da ba a yi wa na gabansa ba. Mutumin da ya saba da haka, ka zo masa da takarda kana tambayar inda aka haifi ubansa, dole ya ce maka maigidan ba ya nan.

Wannan tsoro yana da tushe, ba jahilci ba ne, kuma duk wanda ya raina shi aikinsa ba zai yi nisa ba. Shi ya sa nake cewa littafin ya zauna a hannun unguwa. Kada a tambayi ƙabila, kada a tambayi asalin kaka, kada a tambayi jam'iyya. Sunaye su tsaya wurin amintattu kaɗan da jama'a suka zaɓa, mata a cikinsu, abin da zai fita waje jimla ce kawai. Ƙasar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, sai a riƙe ta. Kuma a nesanta littafin da ɗan siyasa, ko na wace jam'iyya ne, don jerin sunayen mabuƙata a hannun mai neman ƙuri'a jerin rabon shinkafa ne.

Akwai kuma gajiya. Nima ta sha tambayoyi. Ɗalibai da masu bincike sun yi ta zuwa da takardu, su ɗauki hoton kwata, su rubuta abin da za su rubuta, su samu digirinsu, ba a sake ganinsu ba. Ni kaina na taɓa yi wa wasu tafinta kwana da kwanaki, har yau ban ga shafi ɗaya na abin da suka rubuta ba. In mutane sun ce ƙidaya ba ta cika ciki, suna da gaskiya. Sharaɗina shi ne duk abin da aka tara a dawo da shi a karanta da Hausa a bainar jama'a, bayan sallar Juma'a ko a filin makaranta, kafin a kai wa kowane ofis.

To a kai wa wa? A 2017 majalisar dokoki ta kafa Asusun Raya Zanguna, aka kuma yi ma'aikatar kula da zanguna, wadda aka soke a 2021. An gina ajujuwa, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an shimfiɗa filayen ƙwallo na ciyawar roba. Ba na raina ko ɗaya, yara suna wasa a filayen kuma ana shan ruwan. Amma in aka tambayi wanne cikin ayyukan nan ya fitar da yara daga talauci, babu mai amsa, domin ba a auna inda aka fara ba. Mu ma da laifinmu. In an kira taro aka ce me kuke so, abin da ido ke gani muke faɗa, kwata da fitila da katangar maƙabarta, don su muka iya nunawa da yatsa. Ba mu taɓa shiga ofis da takarda mun ce cikin telolin da aka yaye a unguwar nan ga adadin waɗanda har yau ba su da keken kansu, ga kuɗin da zai sa su tsaya da ƙafarsu ba.

Filin ƙwallon ma ai daga labari ya samo ƙarfinsa. Mohammed Kudus ɗan Nima ne, daga ƙwallon unguwa ya tafi makarantar koyon ƙwallo ta Right to Dream, ya buga wa Ajax, ya buga wa West Ham, duk muna alfahari da shi. Kowane yaro a majalisar ataya ya san tarihinsa. Yaran da suka yi ƙwallo da shi a fili ɗaya kuwa, babu wanda ya taɓa zama ya rubuta inda kowannensu yake yau.

Makon jiya na koma makarantar da na yi firamare na roƙi a nuna mini rajistar ajinmu. Aka daɗe ana nema, aka fito da ita gara ta ci gefe ɗaya, amma sunayen suna karantuwa. Na kwafe su na kai wa mahaifiyata da wata maƙwabciyarta da suka tsufa tare. Duk faɗan da ta yi mini a kan 1969, da na fara karanta sunaye sai ta gyara zama. Wannan yana Kumasi yana sayar da kayan mota, wannan ta rasu wurin haihuwa, wannan ai shi ne mai tura baro a kasuwar Laraba, ba ka gane shi ba ne don ya tsufa da wuri. In ɗaya ta manta sai ɗayar ta tuna. Da muka zo kan wani suna sai dukansu suka yi shiru, can maƙwabciyar ta ce uwarsa na nan da rai a Maamobi, bayan masallaci, in na je in yi sallama a hankali, kada in fara da zancen takarda.